Ginin Tukwane da Natsuwar Zuciya

Tambaya: Malama, hayaniyar aiki da waya ta gajiyar da ni. Shin koyon ginin tukwane zai kawo mini natsuwa? Daga wata ma'aikaciya a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, ina ganin zai taimaka ƙwarai, domin yumɓu ba ya son gaggawa. Sai an jiƙa shi, an cuɗa shi sosai, an gina, sannan a bar tukunyar ta bushe a inuwa kafin a gasa ta, domin ɗanyar tukunya fashewa take yi a wuta. Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20, da hannu ta koyi gini a garinsu kafin ta shiga cibiyar koyon tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Ki nemi maginiya kusa da ke, ki fara da ƙaramin kasko.