Matador ya hana ni wucewa: lebul nawa zan kai kafin in ci shi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka mini. Sati biyu ke nan ina maƙale a wuri ɗaya a gem ɗin Shin Megami Tensei III: Nocturne, wurin bos (babban abokin gaba) ɗin nan Matador, ƙwarangwal mai jan ƙyalle da takobi. Na fara haɗuwa da shi ina lebul 18, ya share ni tas. Abokina ya ce in koma in yi ta kashe ƙananan dodanni har lebul ya hau. Na yi, yanzu ina 25, amma ko jiya sau shida ya kashe ni. Dukana ba ya samunsa, nasa kuwa ba ya kuskure. Mai ɗora mana gem ya ce in kawo 'yan kuɗi ya sa mini sebin (ajiyayyen wasa) mai lebul 99. Lebul nawa ake bukata ne? Kuma wai gaskiya ne sai na buga Persona kafin in gane wannan, don an ce ci gabansa ne? Na kusa goge gem ɗin.

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Kar ka goge, kuma kar ka ba mutumin nan ko sisi. Lebul 18 da ka fara zuwa da shi ya isa a ci Matador, mutane da yawa a nan suke cinsa. Sati biyun da ka yi kana noman lebul, gaskiya ɗaya ce, asararsu ka yi, kuma abokinka ne ya jawo maka.

Wannan shawara ta "koma ka ƙara lebul" ita ce cutar da na fi gani a wurin masu buga irin waɗannan gem na Japan. Kusan kullum sai an turo mini ita da sabuwar riga. Yau Matador ne, gobe wani bos ne a Dragon Quest, jibi a Persona, amsar da ake ba mutum dai ɗaya ce: je ka yi noma. Mai ba da shawarar bai taɓa zama ya duba yadda gem ke lissafa duka ba, shi ma ji ya yi a wurin wani. Na gaji da ita, shi ya sa zan daɗe a kanta.

Bari mu ɗauki Dragon Quest, don lissafinsa ya fi kowanne sauƙin gani, kuma tun fitowarsa a 1986 bai canza sosai ba. Ɓarnar duka ita ce rabin ƙarfin harinka, a cire kashi ɗaya cikin huɗu na garkuwar abokin gaba, sai ɗan sama da ƙasa na sa'a. A ce harinka 100 ne, garkuwar bos 120. Rabin 100 hamsin, rubu'in 120 talatin, ka cire, saura 20. Kowane sara 20 kake cire masa. To ka tafi daji ka kwana uku kana kashe ƙananan halittu, harinka ya ƙaru da 10. Yanzu 55 a cire 30, ka koma 25. Kwana uku, biyar ka samu.

Yanzu ka bar lebul yadda yake. Mai sihirin tawagarka ya jefa wa bos Sap, wanda ke karya garkuwa, a ce ta sauka zuwa rabi. Hamsin a cire 15, ka koma 35. Wani kuma ya yi maka Oomph, mai ninka duka. Ka koma 70, a wasu sassan jerin ma ya fi haka, don ƙarfin harin kansa ake ninkawa kafin a cire garkuwa. Motsi biyu kacal, daga 20 zuwa 70. In bos na da jini 700, hanyar farko sara 35 ce, ta mai noma 28, ta uku sara 10 da motsi biyun shiri. Kuma kowane zagaye da ka rage, ka rage dukan da za ka sha da maganin da za ka ƙona. Lebul ƙari yake yi, waɗannan sihirin kuwa, da 'yan gem ke kira baf da dibaf, ninki suke yi. Wanda ya yi lissafin firamare ya san wanne ya fi gudu.

Na san daga ina raina baf ya samo asali. Yawancinmu da Final Fantasy muka buɗe ido, inda za ka jefa wa bos sihirin barci ko na mutuwa nan take, gem ya ce maka bai kama ba. Ka gwada sau biyu, sau uku, sai ka yanke hukunci cewa duk abin da ba ya fitar da lamba a kan allo ɓata lokaci ne. Daga nan aka haɗa abu biyu daban aka yi musu kuɗin goro. Ciwon da ake ɗora wa abokin gaba, irin barci da guba da shanyewa, shi ne bos ke yawan tsallakewa. Ɗaga ƙarfinka ko sauke nasa kuwa wani fanni ne, kuma ɗaga naka babu bos ɗin da zai hana shi kamawa, sai dai ya goge bayan ka yi, kamar yadda bos Zoma ke yi a ƙarshen Dragon Quest III. Ko a Final Fantasy ɗin ma, wanda ya san Haste mai ƙara sauri da Protect da Shell masu ƙara kariya ba ya shan wahalar da sauran ke sha. A na shida akwai jirgin ƙasan fatalwa da mutane ke ta fama da shi, alhali Phoenix Down guda, maganin tayar da wanda ya faɗi, yana gamawa da shi, saboda matacce ne.

Akwai ma inda noma ke cutar da kai kai tsaye. A Final Fantasy VIII na 1999, abokan gaba suna hawa lebul tare da tawagarka. Ka yi noma, su ma sun yi, ba tare da sun zubar da gumi ba. Ƙarfin gaske a can yana cikin sihirin da kake ɗaurawa a jikin ƙididdigarka. Na taɓa ganin yaro a gidan gem da ya kai jarumin kusan ƙarshen lebul, yana ta alfahari, ga shi bai ɗaura komai a ƙarfin hari ba, ƙananan dodannin hanya suna wasa da shi kamar ƙwallo. Da na nuna masa shafin ɗaurin, cewa ya yi ai shi bai taɓa shiga wurin ba, rubutu ya yi yawa.

To mu dawo kan Matador. Kamfanin Atlus ya gina faɗan Nocturne a kan damar motsi. In kuna huɗu a fili, alamomi huɗu kake da su a saman allo, kowane motsi na cin ɗaya. Ka bugi lagon abokin gaba, ko ka samu duka mai tsanani, rabin alama kawai za ka kashe, wato ka samu ƙarin motsi. In dukanka ya tafi a iska, ko ya faɗa kan wanda abin ba ya yi masa komai, alama biyu ta ƙone. In aka shanye shi ko aka mayar maka, duka zagayen ya tafi. Dokar nan tana kanka, tana kan bos, babu son kai.

Abin da Matador ke fara yi shi ne Red Capote, wanda ke ɗaga saurinsa zuwa ƙololuwa a motsi ɗaya: kaucewarsa ta hau, saitinsa ya hau. Shi ya sa ka ce dukanka ba ya samunsa. Ka kai sara ka kuskure, alama biyu ta tafi. Na biyu ya kuskure, zagayenka ya ƙare, mutum biyu ba su ko motsa ba. Ko lebul 35 ka kai, in sara bai sauka ba, ɓarnarsa sifili ce. Ka ninka sifili da duk abin da kake so.

Maganin yana hannunka tun ranar farko. Ka nemi dodo mai Sukukaja ka sa shi a tawagarka, sihiri ne da ke ɗaga saiti da kaucewar tawaga gaba ɗaya. A Nocturne ana jera shi har sau huɗu, kuma ba ya gushewa da kansa. Zagayen farko da na biyu kar ka damu da dukansa, ka yi ta jera wannan. Sukunda ma na aiki wajen sauke nasa, sai dai yana da Dekunda da yake wanke abin da aka sauke masa, saboda haka ɗaga naka ya fi zama abin dogaro. Sai sihirinsa na iska, Mazan, da ke taɓa kowa. Akwai Magatama, wato abin da jarumin ke haɗiya ya canza ƙarfinsa da lagonsa, mai suna Hifumi a shagon halittun da ake kira Manikin na hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Ginza, ka saya ka haɗiya, iska ta daina yi wa jaruminka komai. Nan daɗin yake: in ya saki Mazan ya faɗa kan mutum ɗaya da ba ya ji, shi ne zai yi asarar alama biyu, ko da ya samu sauran ukun. Ka duba tawagarka kuma, duk dodon da iska ce lagonsa ka fitar da shi, don kyautar motsi kake ba maƙiyinka. Ina kyautata zaton akwai irinsa a cikin naka, shi ya sa kake ganin kamar Matador ba ya gama zagayensa.

In jininsa ya yi ƙasa zai canza salo. Zai yi Taunt, ya ɗaga harinku ya karya garkuwarku, ya tara ƙarfi da Focus, sannan ya sako Andalucia, saran da ke sauka sau da yawa. A nan yawanci ake mutuwa, saboda mutum ya ga harinsa ya hau sai kwaɗayi ya kama shi. Ka mayar da garkuwa da Rakukaja, ka tabbata akwai mai Media da ke warkar da kowa a motsi ɗaya, kuma ka sa ido a kan jinin jarumin fiye da na kowa. In shi ya faɗi gem ya ƙare, ko da sauran ukun lafiyarsu ƙalau.

Wani abin da noma ya ɓoye maka: dodannin Nocturne suna hawa lebul a hankali fiye da jarumin. Ba a yi su don ka riƙe su har abada ba. Ka kai su Cathedral of Shadows, wurin haɗa dodanni, ka haɗa biyu su ba ka sabo, ka gado masa sihirin da kake so. Na san akwai sabo, mutum ya saba da dodon da ya taso da shi tun farkon gem, amma tawagar da ka ci bos ɗin baya da ita ba lalle ta dace da na gaba ba. A nan ne kaɗai zan yi wa lebul adalci: ba za ka iya haɗa dodon da ya fi ka lebul ba, don haka lebul 25 ɗinka ya buɗe maka ƙofofin da ba ka da su a 18. Je ka duba jerin, ka yi amfani da wahalar da ka riga ka sha. Haka kuma akwai gem da tazarar lebul ke shiga lissafin duka kai tsaye, kamar Shin Megami Tensei V na 2021, har sai da aka sassauta abin a fitowar Vengeance ta 2024. A irin wannan, in bos ya ba ka tazara mai yawa, ɗan noma na da hujja. Nocturne ba ya cikinsu.

Shi kuwa mai sebin lebul 99, ban san me zan ce masa ba. Irin masu maganin tasha ne, ƙulli ɗaya na basir da ciwon baya da farin jini. Zai karɓi kuɗinka ya ba ka jarumin da ba kai ka raina ba, da sihirin da ba ka san aikinsu ba, ka wuce Matador ba ka koyi abin da aka ajiye shi ya koya maka ba. Ga shi Matador na farko ne a jerin ire-irensa, akwai Daisoujou da mahayan dawakai suna jiranka a gaba, kowanne da tarkonsa. Haka masu bidiyon "kashe shi da bugu ɗaya" da babban jan kibiya a hoto. Ka duba da kyau, ko dai sun kunna gem a mataki mafi sauƙi, ko sun yanke mintunan da suka yi suna jera baf, saboda wannan ba ya jawo masu kallo. Sai yaro ya kalla ya ɗauka shi ne bai iya ba.

Batun Persona kuma, an juya maka zancen ne. Megami Tensei ne uwa, tun 1987, Shin Megami Tensei ya biyo a 1992, Persona kuma reshe ne da ya tsiro a 1996. Ruɗanin ya zo ne daga Amurka, inda aka sayar da Persona 3 da 4 da sunan Shin Megami Tensei a gaban kwali. Sunayen sihiri da yawancin dodanni ɗaya ne, labari kuwa kowa da nasa, kuma Nocturne ba ya bukatar ka buga na ɗaya ko na biyu. Ka kula ma, dokar baf ta bambanta: a Persona 5 zagaye uku yake yi ya gushe, ba a kuma jera shi hawa-hawa, don haka wanda ya zo daga can sai ya yi Sukukaja sau ɗaya ya tsaya, ya ce bai ga bambanci ba.

Lamba a sunan gem ɗin Japan ba ta cika nufin ci gaban labari ba. Kowane Final Fantasy mai lamba duniyarsa daban, sai irin X-2 na 2003 da ya ɗora a kan na goma. A Dragon Quest ukun farko labarinsu a haɗe yake, na uku ma shi ne farkon tarihin. Wanda zan ce lalle ka bi a jere shi ne Trails na kamfanin Falcom, da ya faro a 2004, don can in ka shiga ta tsakiya kamar ka tarar da hira ce ta yi nisa.

Ka sayi Hifumi, ka haɗa mai Sukukaja da mai Media, ka yi sebin kafin ka shiga lungun da yake tare hanya. In ya sake kashe ka bayan haka, ka turo mini sunayen dodannin ukun da ka shiga da su da sihirin kowanne, in ga wanda ke ba shi ƙofa.