Yaron da nake riƙo zai koma gidan dindindin: in fara ja baya da shi?

Tambaya: Shekara 2 ke nan ina riƙon wani yaro da hukumar kula da yara ta damƙa mini, yanzu shekararsa 4. Kotu ta yanke cewa ba zai koma hannun iyayensa ba, an kuma samo wasu ma'aurata da za su riƙe shi har ya girma. Mutane na ta ba ni shawara in fara janye jikina tun yanzu, ranar tafiya kuma in sulale kada ya gan ni, wai haka zai fi saurin mantawa da ni. Zuciyata ba ta kwanta da wannan ba. Yaya zan yi?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya. Zuciyarki ce ke da gaskiya. Masu ba ki shawarar ba mugunta suke nufi ba, sauƙi suke nema masa, amma hanyar da suka nuna miki ita ce ta fi cutar da yaro.

Tun shekarun 1950 wani likitan ƙwaƙwalwa a Ingila, John Bowlby, da abokin aikinsa James Robertson suka yi ta lura da ƙananan yaran da aka raba kwatsam da wanda suka shaƙu da shi. Sun ga abin yana bin matakai 3. Da farko yaro zai yi ta kuka yana neman mutumin, idonsa na kan ƙofa. Daga nan sai ya ɗebe tsammani, ya yi tsit, ya rage wasa da cin abinci. A ƙarshe sai ya koma kamar ba abin da ya dame shi, kowa ya miƙo hannu zai je. A nan manya ke ruɗuwa, sai ka ji ana cewa "ai ya saba, ya manta." Alhali bai manta ba, ya daina sa rai ne kawai. Yaron da ya koyi cewa masu ƙaunarsa suna ɓacewa ba sallama, da wuya ya saki jiki da sababbin iyayen, don kullum jira yake su ma su ɓace. Naki kuwa an riga an raba shi da gida sau ɗaya.

Saboda haka shaƙuwar da ya yi da ke ba matsala ba ce da za a kankare kafin tafiya. Da ita za a yi aikin. Mai dashe ba ya kakkaɓe ƙasar da ke jikin saiwar shuka, da ita yake kai ta sabon rami.

Ki fara da faɗa masa gaskiya daidai hankalinsa, bayan kun tsara da ma'aikaciyar hukuma da ke kula da shari'arsa. Ɗan shekara 4 bai san "wata mai zuwa" ba, amma ya san kwana, don haka ku riƙa ƙirgawa tare a jikin kalanda idan lokacin ya matso. Ki maimaita masa cewa ba laifi ya yi ba, domin yara masu wannan shekaru sukan ɗauka rashin jinsu ne ya sa ake korarsu. Kada ki ce masa yawo za a kai shi ya dawo. Wannan ƙaryar ta rana ɗaya ce, amma zai daɗe yana biyan kuɗinta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 12, ta ce a saurari ra'ayin yaro a kan abin da ya shafe shi gwargwadon shekarunsa. Ba shi zai yanke hukunci ba, amma tambayoyinsa suna da haƙƙin samun amsa.

Sai haɗuwa da sababbin iyayen, wadda nake so ki fi ba wa muhimmanci. A fara da hotunansu da na gidan da ɗakin da zai kwana, in da hali har da muryarsu a waya. Haɗuwar farko ta kasance a gidanki, ta ɗan gajeren lokaci, kina zaune a wurin. Ki lura da abin da zai yi: za su miƙo masa abin wasa, kafin ya karɓa sai ya waiwayo ya dubi fuskarki. Izini yake nema. Idan ya ga kin saki fuska kina hira da su, zai matsa. Idan ya ga kin ɗaure, ko idonki ya ciko, zai dawo ya riƙe zanenki. Daga nan ki riƙa miƙa musu hidimarsa kaɗan-kaɗan a gabansa: yau matar ta ba shi abinci kina kusa, gobe ta yi masa wanka, jibi mijin ya kwantar da shi. Sannan ku je gidansu tare, ya wuni, daga baya ya kwana. Idan ƙiwa ta ƙaru ko barci ya lalace, a sassauta, a ƙara kwanaki. Jadawalin manya ne zai bi yaron.

Ki rubuta musu komai, har abin da kike ganin ƙarami ne: yadda yake son a riƙe shi in ya tsorata, abin da yake nufi da kalmomin da ke kaɗai kike ganewa, magungunansa da katin rigakafinsa. Bargonsa da tsofaffin kayansa su tafi da shi, kada ma a wanke bargon, ƙamshin da ya sani ne. Sababbin iyaye kan yi ɗokin saya masa komai sabo, ki roƙe su su ɗan jinkirta. Ki haɗa masa kundin hotuna da sunayen mutanen da ya zauna da su, har da abin da ya halatta ya sani game da iyayen da suka haife shi. Sashe na 20 na waccan yarjejeniya, wanda ya ambaci riƙo da kafala ta shari'ar Musulunci da ɗaukar ɗa, ya nemi a kula da ɗorewar tarbiyyar yaro da addininsa da harshensa. In yana da 'yan'uwa a wani gidan, ki matsa a rubuta yadda za su riƙa ganin juna.

Ranar tafiya ki yi masa sallama ido da ido, a taƙaice, ki gaya masa ranar da za ki zo. Ki kuma cika alkawarin. A da ana hana mariƙiya ziyara na tsawon watanni wai don yaro ya zauna. Yanzu masana da yawa sun koma ga cewa ziyara da wuri, cikin makonnin farko, ta fi kwantar masa da hankali, don yana ganin kina nan kuma kin yarda da inda yake. Zai iya yin kuka bayan kin tafi. Wannan kewa ce mai kyau, sababbin iyayen su rarrashe shi, ta nan shaƙuwarsu za ta fara.

Ki shaida musu tun yanzu cewa fitsarin kwance, rigima ko komawa maganar jarirai na iya biyo baya, kada su hukunta shi a kai. Idan abin ya ɗauki watanni ba sauƙi, ko ya daina ci, ko yana ji wa kansa ciwo, su nemi likitan yara ko masanin halayyar yara. Ke ma za ki ji ciwon rabuwar sosai, don haka ki nemi wanda za ki riƙa amayar wa da cikinki, kuma ki tambayi hukumar irin tallafin da take ba masu riƙo bayan yaro ya tafi.