Zuwa ga Sadiku, kan filin gindin durumi

Sadiku, saƙonka ya iso. Da farko dariya na yi, daga baya kuma jikina ya yi sanyi. Wai kana so ka ajiye kwantena a gindin durumin ƙofar gida ka riƙa sayar da kati da cajin waya, kana tambaya ko al'ada ta hana, tunda a cewarka filin ba na kowa ba ne. Allah ya sa wa nemanka albarka, ɗana. Amma wa ya gaya maka ba na kowa ba ne?

Shekarar da aka naɗa Sarkin Kano Ado Bayero, 1963, ina yaro ɗan makarantar allo, damina ta zubar da katangar wani maƙwabcinmu mai hali. Da ya tashi gyara sai magina suka ja igiya, suka ci lungu da kamar taku ɗaya. Ranar ba wanda ya tanka masa. Washegari bayan sallar asuba sai ga mai unguwa da liman, a bayansu samari ɗauke da makarar masallaci, ba kowa a cikinta. Mu yara muka bi su a guje, mata suna leƙe ta zaure. Aka ce su bi da ita ta lungun. Suna zuwa daidai sabon ginin, kafaɗar na gefe ta gogi tubali, dole sai da suka karkata makarar kafin ta wuce. Mai unguwa bai ce uffan ba, duban mutumin kawai ya yi. Shi kuwa ya cire hula ya share gumi, ya karɓi diga a hannun magini, da kansa ya fara rushe sahun tubalin tun ƙasar ba ta bushe ba. Muna komawa gida kakanka yana riƙe da hannuna, ya ce, "Lungu na gawa ne da amarya, mai gida aro aka ba shi."

Shi ne kuma yake yawan jawo mana hadisin nan da ya ce mutane sun yi tarayya a abu uku: ruwa da ciyawa da wuta. Ta wutar ma mun yi ta da ƙafarmu. Da magariba a miƙo maka kasko a ce je gidan su wane ka ɗebo wuta, kuma ban taɓa jin an koro yaro ba. Randa tana bakin zaure da moɗa a kai, baƙo da almajiri kowa ya sha ya wuce.

Kududdufan birnin nan da kuke toshe hanci in kun zo wucewa, ramuka ne da aka haƙi ƙasar ginin gidaje da ta badala, badalar da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu. Ruwan sama in ya sauko nan yake kwanciya, ragowar ya bi rafin Jakara ya fita. Yau an cike su da shara, an yanka filotai, an jera shaguna, ita kanta badalar ana ta gutsurar ta. Agusta na zuwa ruwa ya rasa wurin zama ya shigo mana ɗaki, sai a ce ƙaddara. Wallahi abin nan yana ci mini rai.

Har zauren WhatsApp ɗin unguwa da ka sa ni a ciki bai tsira ba. Don sanarwar rasuwa da ɗaurin aure da karo-karon gyaran taransifoma aka buɗe shi. Yanzu duk wanda ya tsinci labarin da bai tantance ba sai ya juye mana, har sanarwar jana'iza ta nutse, mutum ya gan ta bayan an dawo daga maƙabarta. Ba haka aka rene ku ba.

Batun kwantena kuwa, fara zuwa ka gai da mai unguwa, sannan ka tambayi dattawan da ke shimfiɗa tabarma a wurin bayan la'asar, da baiwar Allahn da ke suyar ƙosai da safe, inda za su koma. Kuma kafin ruwa ya sauka ku tara samarin layin ku yashe kwatar bayan masallaci, ta cushe da leda. Shebur da baro suna wurina, ka aiko a ɗauka. Ka gai da mahaifiyarka.

Baffanka