Ƙanwata, kar ki ba kowa kuɗi ya rubuta miki

Assalamu alaikum 'yan gida. Ƙanwata mai tambaya, tun jiya da daddare na ga abin da kika rubuta, cewa asaimen huɗu sun haɗe miki cikin sati biyu, na ikonomis da na adabi da na gwamen, wato darasin harkokin mulki, da wani kan matsalolin al'umma, kina zama da biro da takarda har awa guda layi ɗaya ya gagara, kuma ƙawayenki sun ce ki kai wa mai bizines senta, wato shagon buga takardu a kwamfuta, ki biya shi ya rubuto miki ki huta. Wallahi da na zo kan maganar bizines senta ɗin nan sai da na kife wayar, gabana ya faɗi, abin da ya same ni ya dawo min sabo fil. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, shi ya sa na kasa wucewa, ki yi haƙuri da tsawon rubutun.

Ina aji biyu aka ba mu rubutu a kan SAP, tsarin nan na gyaran tattalin arziki da gwamnatin Babangida ta kawo a 1986, a faɗi tasirinsa ga manoma. Lokacin ina da goyo, yarona bai kai wata biyar ba, daga cikin birni nake fitowa kullum. Na karanta abin da ke cikin handawut, an karya darajar naira, an rushe hukumomin da ke sayen amfanin gona irin su auduga da gyaɗa, an buɗe ƙofa kayan waje su shigo, duk na haddace amma ban ji komai a raina ba. Sai ranar wata Juma'a na je gidanmu na tarar da Baba, Allah ya jiƙansa, a zaure yana gyaran rediyonsa, na ce Baba wai kun san wani abu SAP? Ya ɗago ya kalle ni ya ce zauna. Ya fi awa biyu yana ba ni labarin yadda suke kai auduga fuloti a auna a biya su, yadda daga baya aka bar su da 'yan kasuwa kowa da farashinsa, yadda kuɗin taki ya fi ƙarfinsa, da shekarar da ya haƙura ya koma masara, da ƙaninsa da ke aiki a masaƙa a Kakuri wanda daga baya ya dawo gida ba aiki. Ina rubutawa a bayan littafin yarona na asibiti don shi ne a jakata. Kwana biyar na yi ina wannan rubutu, da fitilar waya, yaro a cinya, in rubuta in yage in sake. Shi ne karo na farko a rayuwata da na yi rubutu na ji nawa ne.

Na kai wa wani mai shago ya buga min a kwamfuta tunda ba ni da ita. Ya ce in dawo gobe. Na dawo ya ce ba wuta. Jibi ya ce injin ya lalace. Sai ranar ƙarshe ta miƙawa ya ba ni, na tambaye shi takarduna na hannu ya ce yaronsa ya share shago ya zubar. Ban kawo komai a raina ba, na karɓa na ruga, ni ce kusan ta ƙarshe da ta miƙa.

Bayan sati biyu malamin ya shigo aji da takardu biyar a hannu daban. Ya kira lambobi biyar ya ce mu fito gaba, har da tawa. Ya ɗauki ta farko ya karanta wajen da aka ce mahaifina ya noma auduga shekara kaza, ya ɗauki ta biyu ga mahaifina ya noma auduga, ta uku haka, har ta biyar. Ajin ya fashe da dariya, mutum sama da ɗari biyu. Ya ce ashe ku biyar ubanku ɗaya. Ni kuwa ina tsaye ƙafata na rawa, nono ya zubo ya jiƙa min riga a ƙarƙashin hijabi, ina son in ce Malam Babana ne, nawa ne, muryar ta ƙi fita. Ya sa mana sifili gaba ɗaya, kuma ya nuna ni ya ce ke da kika kawo a ƙarshe ke ce ma ba ki da kunya. Na bi shi ofis sau uku. Sau uku yana cewa in kawo shaida, na kai masa littafin asibitin, ko buɗewa bai yi ba ya ce kowa zai iya rubuta wannan jiya da daddare. Sauran huɗun kuwa ko ɗaya bai buɗe baki ba, ɗaya daga cikinsu ma muna gaisawa, ta taɓa riƙe min yaro a masallaci. Na koma shagon, mutumin ya kalli tsabar idona ya ce shi bai san zancen ba, in kuma ina da hujja in kai shi inda zan kai shi. Na tsaya a bakin titi ina kuka kamar ƙaramar yarinya har wata tsohuwa mai sayar da gyaɗa ta jawo ni ta zaunar da ni a benci ta ba ni ruwa. Kwas ɗin ya zame min kariyoba, wato dole sai da na maimaita shi. Ban taɓa gaya wa Baba ba har ya rasu, don ranar da na gama rubutun na karanta masa yana ta murmushi yana cewa a ƙara kaza, kin manta kaza. Har yau idan na wuce layin shagon nan sai na kau da kai. Na ce na yafe, amma Allah ya sani zuciyata ba ta gama sakin abin ba.

To kin ga abin da za ki saya da kuɗinki. Gumin wata ce irina, ko kuma abin da ya kwafo a intanet ya canza suna a sama ya sayar wa mutum goma. Haka masu kwasowa daga ChatGPT su manna ba ko karantawa, malamai yanzu sun gane, kuma shi ChatGPT ɗin yakan ƙirƙiro sunan littafi da marubucin da babu su a duniya, ranar da aka ce ki kawo littafin ina za ki sa kanki? In dole sai an buga miki, ki tsaya a kansa har ya gama, ki sa ya goge a gabanki, ki karɓi takardunki na hannu. Ki ɗauki hoton kowane shafi da wayarki kafin ki ba kowa, ki tura wa kanki a WhatsApp don kwanan wata ya zauna. Da na yi haka da ba a yi min abin da aka yi min ba.

Maganar layin farko da ya gagara kuma, ki daina farawa da gabatarwa. Ita ce ke kashe mutum. Ki karanta tambayar sau uku, ki ja layi a ƙarƙashin abin da aka ce ki yi, tattaunawa aka ce ko kwatantawa ko kawo dalilai, don da yawa a nan muke faɗuwa, a tambaye mu gabas mu amsa yamma. Sannan ki rufe littafi ki faɗa wa wani a gida amsarki da Hausa, ko ƙanwarki ce ko Mama tana tankaɗe. In kin iya faɗa a jimla biyu ta gane, kin samu matsayarki, sauran duk hujja ce za ki jero, kowace hujja da sakin layinta da misalinta. Gabatarwa a ƙarshe ake rubuta ta, lokacin kin san me kika ce.

Na ikonomis ɗin ba ki faɗi taken ba, amma ko mene ne ki tashi ki shiga kasuwar Sabon Gari ko ta Tudun Wada a nan Zariya da ɗan littafinki. In kan tsadar kaya ne, ga cire tallafin mai na 29 ga Mayu 2023 nan, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ki bi sawun abin da ƙafarki, mai mota da ke ɗauko masara daga Giwa ya ƙara kuɗin buhu, mai awo ya ƙara a mudu, mai tuwon sayarwa ta rage malmala. Ki tambayi mai awo me ya sa hatsi ke sauka da kaka ya hau da bazara, abin da zai faɗa miki shi ne dai abin da ke cikin zanen nan na layi biyu masu gicciye, na buƙata da wadatar kaya, da ake ba ku, sai ki haɗa maganarsa da ta littafi. Amma lamba kar ki ƙirƙira, don Allah. In za ki kawo alƙaluman hauhawar farashi ki ɗauko daga hukumar ƙididdiga ta ƙasa NBS ko babban bankin ƙasa CBN ki rubuta wata da shekara. Ko ƙarancin takardar kuɗi na farkon 2023 da muka yi ta layi a wajen masu POS, wannan kaɗai ya isa rubutu guda.

Gwamen shi ba ya son kame-kame, shekara yake so da suna. Tsarin mulkin Richards 1946, na Macpherson 1951, na Lyttelton 1954, kar ki cakuɗa su, malami na ganin kin sa ɗaya a wurin ɗaya ya daina yarda da sauran. In kan ƙananan hukumomi ne, gyaran 1976 ne tushe, guda 774 ne a ƙasar, 23 a jihar Kaduna, kuma a Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa ba su kuɗinsu kai tsaye. Bayan kin kawo wannan sai ki dubi unguwarku, kwatar da ta toshe da kasuwa da makarantar firamare aikin wa ne a tsarin mulkin 1999, kuma wa ake gani yana yi. Kawai ki kiyaye zagin ɗan siyasa a takardar makaranta, ba ki san inda mai dubawa ya karkata ba.

Adabi ne ma ya fi ba ni haushi yadda muke yi masa. A ce ki yi nazarin jigo sai ki zauna ki ba da labarin littafin daga farko har ƙarshe, shafi huɗu, alhali malamin ya fi shekara goma yana koyar da shi. Ki ɗauki abu ɗaya, tauraro ɗaya ko salo ɗaya, ki nuna wuri uku a littafin da ya fito, da lambar shafi, ki faɗi me marubucin ke nufi da yin haka. Kuma ki karanta littafin da kanki, ba taƙaitawar da ake sayarwa a bakin get ba. Abin kunya ne a ce 'yar Zariya na gudun littafi, garin da aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labaran Hausa ta 1933, garin da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a 1939 Abubakar Imam na editanta, ga ginin Gaskiya nan muna wucewa ta gabansa kullum a Keke. Ni yarana yanzu duk wata sai na saya musu littafi ko da tsoho ne, babansu na cewa kuɗin ya yi yawa ina cewa a rage a wani wajen. Kuma iyaye mata da ke gidan nan, don girman Allah idan yarinya ta ce tana da rubutu a ɗauke mata wanke-wanken dare ɗaya, ba lalaci ba ne, ni na san yadda ake rubutu da hannu ɗaya ana jijjiga yaro da ɗayan. Samistocin ma tun yajin aikin wata takwas da malaman jami'a suka yi a 2022 muka ga yadda aka riƙa matse su, abin da ya kamata a yi a nutse sai a yi shi a guje, yaran nan suna shan wahala.

Na matsalolin al'umma kuma ki yi hattara kar ya koma wa'azi. Shaye-shaye ba kyau, talla ba kyau, kowa ya sani, ba maki a nan. In talla kika ɗauka ki zauna da yarinya ɗaya mai tallan awara ki ji nawa take kai wa gida, me ake yi da kuɗin, wa zai cike gurbin in ta koma aji, sannan ki kawo dokar ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ta 2004 da ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole, ki tambayi me ya hana ta aiki a kan wannan yarinyar. Kar ki sa sunanta, ki kuma nemi izinin uwarta.

Sati biyu zai isa in sha Allah, kwana uku uku kowanne, ki fara da wanda ya fi ba ki tsoro tun da sauran ƙarfinki. In a jami'ar ABU ta Samaru kike ki shiga laburaren Kashim Ibrahim da safe kafin a cika, in ba can ba ko ina ne ki samu inda ba hayaniya ki kashe data. Duk littafin da kika ɗauki magana a ciki ki rubuta sunansa da shekara da shafi nan take, kar ki ce sai daga baya, ba za ki tuna ba. Turancinki kuma kar ya dame ki, gajerun jimloli masu ma'ana sun fi dogayen da kika aro ba ki san kansu ba.

Ki turo min takenki huɗun ta inbos yau. Ba zan rubuta miki ko layi ɗaya ba, amma in kin yi sakin layin farko ki ɗauki hotonsa ki turo, bayan isha'i idan yara sun kwanta zan duba in faɗa miki inda ya karkace.