Ƙaramin Koren Kwaɗon Abha

Tambaya daga Jidda: Malam, a wani kwari kusa da Abha, birnin da ke kudu maso yammacin Saudiyya, na ga koren kwaɗo manne da ganye, bai kai babban yatsana ba. Wane iri ne?

Amsa: Ɗan'uwa, siffar nan ta fi kama da Hyla felixarabica, kwaɗon bishiya da masana suka ware a matsayin jinsi na daban a 2010. Ka duba baƙin layin da ya taso daga hancinsa, ya ratsa ido, ya bi gefen jiki, da kuma faffaɗan kan yatsunsa. Cikin mazaunansa akwai tsaunukan Asir, yankin da Abha yake, inda hazo ke jiƙa dazukan wata bishiya da Larabawa ke kira ar'ar, kuma a kwantaccen ruwa yake ƙwai. Don Allah ka bar shi can, domin ba zai jure zafin Jidda ba.