Tambayoyin Masu Karatu: Ina ta hidima a coci amma maganar aure shiru

TAMBAYA: Mama barka da aiki, gaisuwa cikin sunan Yesu. Ni malamar firamare ce a Kaduna, shekarata 34 ban yi aure ba. Tun ina sakandare nake cikin kwaya, wato mawaƙan coci, yanzu ni ce mai koyar da yara a sande sukul, ni ce shara ran asabar, in biki ne ko rasuwa ni ce a gindin murhu, da an tashi rabon aiki sai kiji ance a ba wance ai ita ba miji ba ɗa. Zumuntar mata ba ni da gurbi tunda ba aure, cikin matasa kuma yaran da na koya wa haddar aya ne, wasu ma har na ɗinka ankon bikinsu. Kowa ya ganni sai yace saura ke. Na yi azumi na yi addu'ar dare, wataran ina shara ina cewa Ubangiji wai duk wannan baka gani ne? Yanzu ko firaktis ɗin waƙa bana son zuwa. Mama zunubi nake yi? Yaya zan ci gaba da dogara ga Allah?

Daga wata 'yar'uwa a Kaduna

AMSA: 'Yata sannu, na karanta wasiƙarki sau biyu kuma inda kika ce kina shara kina magana da Ubangiji nan ne ya fi tsaya min a rai. Gajiya ba zunubi bane, kukan da kika kai masa ma ba zunubi bane, ki buɗe Zabura 13 kiga Dauda sau huɗu yana tambayar Allah har yaushe. Amma akwai abu ɗaya da na hango a ƙarƙashin maganarki, kiyi haƙuri zan faɗa miki kamar yadda zan faɗa wa 'yar cikina.

Kin mai da hidimar nan adashe. Kina zubi duk sati, shara zubi, kwaya zubi, murhu zubi, kina jiran ranar kwasarki, sai gashi waɗanda suka shigo bayanki suna ta kwasa ke shiru, to dole ranki ya ɓaci, duk wadda aka yi wa haka a adashen unguwa sai an ji kansu da uwar adashe. Matsalar ita ce Allah bai taɓa buɗe wannan adashen ba. Babu ayar da tace wadda ta share coci shekara goma za'a ba ta miji, mu manya ne ke faɗin haka da bakinmu don mu kwantar muku da hankali, kuma muna cutarku ba mu sani ba. Ni bazan ce miki bana ne shekararki ba don ban sani ba. Yana iya kawowa, Ishaku sai da ya kai 40 ya auri Rifkatu, kuma addu'ata kenan tunda kina so, son aure ba abin kunya bane kar ki daina roƙo.

Sai dai ki duba mutanen da Allah yayi aiki dasu. Bulus bashi da mata, a 1 Korintiyawa 7 har cewa yayi da ma kowa kamarsa yake, kuma yace marar aure tana da sararin kula da al'amuran Ubangiji ba tare da hankalinta ya rabu biyu ba. Irmiya Allah da kansa ya hana shi aure. Filibus mai bishara yana da 'ya'ya mata huɗu marasa aure masu annabci, Ayyukan Manzanni 21:9, ba'a rubuta su a matsayin waɗanda suka yi kwantai ba. Anan ƙasar tamu ma akwai Johanna Veenstra, budurwa ce ta taso daga Amurka ta iso a 1920 ta zauna Lupwe kusa da Takum, tana koyarwa tana jinyar marasa lafiya tana yawon bishara ƙauye ƙauye, ta rasu a 1933 bata kai arba'in ba, kabarinta na Vom. Je ki Takum ko Wukari kiga ikilisiyoyin da suka tsiro daga wannan aikin.

Yanzu maganar aikin da ake jibga miki. Wannan ba daidai bane, kuma fastoci da dattawa da ke karanta shafin nan da ku nake. Marar aure ba jakin coci bace, tana biyan haya, tana da makin ɗin littattafan yara da dare, wataƙila ita ke riƙe da iyaye da kuɗin makarantar ƙanne, in ta kwanta zazzaɓi ba mai miƙa mata ko ruwa. Bulus cewa yayi Allah na son mai bayarwa da daɗin rai, ba da cicijewa ko tilas ba, kuma wannan bai tsaya kan baikon kuɗi kaɗai ba har da lokaci da ƙarfin jiki. Aikin da kike yi kina cizon yatsa gara ki ajiye shi.

Don haka ki samu matar fasto ko wata dattijuwa da kika yarda da ita ki faɗa mata kin gaji, da ladabi amma kar ki yi kwana-kwana. Ki zaɓi guda ɗaya ko biyu, wanda ko an ce miki ba aure har abada zaki yi shi da murna. Ni daga wasiƙarki ina ganin yaran nan ne, don su kaɗai kika ambata da wani abu mai kama da alfahari. Shara a yi jeri kowa ya taɓa, masu aure ma suna da hannu.

Masu cewa saura ke kuma yawancinsu ba da mugunta bane, kice musu amin ku tayani addu'a ki wuce. Anko ba dole bane kowane biki, wanda aljihunki bai kai ba ki sa kayanki masu kyau kije ki taya murna. Sannan don Allah kar matsin nan yasa ki faɗa hannun wanda zuciyarki bata kwanta dashi ba ko masu karɓar kuɗi wai zasu karya miki asirin rashin aure, na zauna da mata da yawa da suka yi haka suna kuka.

Ki sake rubuto min bayan kin yi magana da matar faston, ina son jin yadda kuka yi, kuma ki gaya min yara nawa ne a ajin naki.