Ɗana mai sikila ya kamu da allura: a wanke masa jini ko a kai shi gidan mari?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ɗana yana da sikila, shekararsa 23. Tun yana ƙarami idan ciwon ya tashi allurar fentazosin, mai kashe zafin ciwo, ake yi masa a asibiti. Yanzu na gano da kansa yake sayowa a kemis yana yi wa kansa, wata rana har sau huɗu, ko da ciwon bai tashi ba. Cinyoyinsa sun yi tauri kamar itace, ga gyambo biyu da suka ƙi warkewa. Ya bar makaranta, ba ya fita ko'ina. Baffanninsa sun ce a kai shi gidan mari ya yi wata uku, maƙwabciyata kuma ta ce akwai mai kemis da ke wanke jini da ƙarin ruwa. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Wanne zan yi?
Daga wata uwa a Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya ba shi lafiya, ke kuma Ya ba ki ladan jinya. Cikin biyun nan kada ki yi ko ɗaya.

Bari in fara da wankin jini, don ba a mako guda ban ji wannan magana a ofis ba, kuma har ta fara gundura ta. Mutane sun ɗauka ƙwaya wata dauɗa ce da ke kwantawa a jini, sai a ɗaura leda biyar ta ruwa ta kwaranye. Fentazosin ba ta daɗewa a jiki. Cikin kwana ɗaya zuwa biyu hanta da ƙoda sun gama fitar da ita ba tare da an biya kowa sisi ba. Da a jini matsalar take, da duk wanda ya kwana biyu bai yi allura ba ya warke. Amma ke shaida ce, a kwana na biyun ne ma yake fi neman ta. Ƙwaƙwalwarsa ce ta saba, jikinsa ya daidaita aikinsa da zuwan allurar, to ruwan leda ina zai kai ga nan? Abin da mai kemis ɗin yake yi shi ne ya zuba maganin barci a cikin ruwan, yaro ya yi kwana biyu yana sharar barci, iyaye su ce alhamdulillahi ya natsu. Ya farka, ya koma inda yake, an ƙara masa wata ƙwayar a kan ta da. Ga mai sikila kuma ruwan da ba a auna ba yana iya taruwa a huhu, domin da yawansu zuciyarsu ta riga ta wahala saboda ƙarancin jini. Abin takaici, sau da yawa kemis ɗin da ya sayar da allurar ba takardar likita shi ne kuma mai wankin jinin. Ya ci riba a shiga, ya ci a fita.

Gidan mari kuwa, kin ji abin da 'yan sanda suka tarar a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, a watan Oktoba kuma aka sake ganin irinsa a Daura. Ko a ce wanda baffanninsa suka sani ba a duka, tsarin ɗaya ne: a yanke allura rana ɗaya a kulle ƙofa. Abin da zai biyo baya shi ne hamma, majina, zufa, ciwon gaɓoɓi, amai da gudawa. Lafiyayyen saurayi yakan sha wuya mako guda ya tsallake. Mai sikila idan amai da gudawa suka ƙarar masa da ruwan jiki, ciwon ne zai tashi gadan-gadan, a ɗakin da babu mai bambance kukan sikila da kukan neman ƙwaya. Za a ce iskanci ne. Ga gyambo a buɗe ga mari a ƙafa. Idan ma ya fito da rai bayan wata uku, jikinsa ya manta da yawan da ya saba, ranar da ya koma ya yi irin na da numfashinsa na iya tsayawa. Addu'a da tofi ki ci gaba da su a gida, ba su hana zuwa asibiti, kuma ba sa bukatar sarƙa.

Yanzu ga abin da na fi so ki duba. Yaron nan ba a majalisar 'yan shaye-shaye ya koyi allura ba, a gadon asibiti ya koya, mu muka fara yi masa. Wanda ya san zafin sikila tun yana shekara biyar yana rayuwa ne da tsoron dawowarsa. Hadari ya haɗo ko sanyin hunturu ya busa, gabansa ya faɗi, sai ya yi allura tun kafin ciwon ya zo. Daga nan ta zama maganin rashin barci, maganin ɓacin rai, maganin zaman kaɗaici. Ki tambayi kanki sau nawa aka faɗa a gabansa cewa irinsu ba sa daɗewa, ko aka hana shi aiki da fita don tausayi, ko maganar aure ta watse da aka ji sakamakon gwajin jini. Saurayin da ba makaranta, ba sana'a, ba wanda ke jiran sa da safe, yini yana da tsawo a wurinsa. Ciwon damuwa yana yawan raka masu sikila, kuma muddin ba a yi maganinsa ba allurar tana da gurbin da za ta dawo.

Mu ma ma'aikatan lafiya da laifinmu. Mai sikila ya zo yana murƙususu, a ce ya je ya yanki kati, a ce mai riƙe da makullin kabad ɗin magani ya fita, wata nas ta harare shi ta ce ɗan ƙwaya ne. Wanda aka yi wa haka sau uku, karo na huɗu kemis zai nufa.

Abin yi shi ne ki kai shi asibitin koyarwa da ke Shika, sashen masu ciwon jini, ki faɗi gaskiyar adadin da yake yi a rana ba ragi, ki nemi a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa. Asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna ma yana karɓar masu matsalar shaye-shaye. Zuwa can ba ya nufin ya haukace, ki faɗa wa baffannin haka. Allurar a hankali ake janye ta, a maye gurbinta da maganin sha a ƙarƙashin kulawa, a rubuta masa tsarin abin da za a ba shi duk ranar da ciwo na gaskiya ya tashi, don ya daina tsoron za a bar shi yana ihu. Ki tambaya ko ya dace a ɗora shi kan ƙwayar magani mai suna haidiroksiyuriya, tana rage yawan tashin ciwon. Gyambon da taurin cinyar aikin allurar ne, tana kashe tsoka ta bar tabo, suna bukatar wanki a asibiti da motsa jiki kafin gwiwa ta ƙage.

A gida, a daina ba shi kuɗi a hannu na ɗan lokaci, a daina kuma yi masa taron dangi ana gori. Mutum ɗaya da yake jin nauyinsa ya riƙe magungunan. A samo masa abin da zai fitar da shi kullum, ko zaman shago ne na awa uku. Idan ya zame ya sake yi, wanda yakan faru, a koma wurin likita a makon, ba a jira sai ranar da aka rubuta a kati ba. In kuwa kika same shi barci ya yi nauyi ba ya tashi, numfashi sama-sama, leɓe ya canza launi, ku ɗauke shi zuwa sashen gaggawa nan take, ki tafi da kwalbar allurar a hannunki.